Turancin da Abdul-Samed Kaɗai Ke Ji

Abdul-Samed maƙaryaci ne, kuma da ƙauna nake faɗar haka. Shekara uku muka yi ɗaki ɗaya da shi a Sanaiya, unguwar gareji da rumbunan kaya da gidajen ma'aikata a gefen Doha, mu takwas a kan gadaje masu hawa biyu, ban taɓa kama shi da ƙarya a kan abin duniya ba. Amma ranar Juma'a da rana, da zarar an kunna talabijin, sai ya kifa bokitin fenti ya zauna a kai ya dinga sheƙa ta har yamma, mu kuma mu baje kunnuwa. Da wannan ƙaryar ya yi niyyar raba amininsa Yussif da ƙwaya, sai dai kafin ya kai ga wanda yake nufi sai da ya tona asirin rabin ɗakin.

Ni sunana Harrison, mutumin Kafanchan, ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a dogayen benayen West Bay. Abdul-Samed kuwa ɗan Zongon Kumasi ne a Ghana, faci da ɗaurin taya yake yi a wani gareji. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga wushirya, ga murya kamar ya haɗiyi lasifika. Mahaifiyarsa, Mma Adjara, wake da shinkafa take sayarwa a ƙofar wani gidan kallo a unguwarsu, don haka a nan ya tashi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya zama mai fassarar gidan, wato wanda ke tsayawa a gefen talabijin yana gaya wa 'yan kallo abin da ake cewa. Ya taɓa ba ni labari da alfahari cewa ya fassara fim ɗin Sin na awa biyu ba tare da ya san ko gaisuwarsu ba, kuma har da tsofaffin da suka yi kuka. Tun a lokacin ya gane cewa ɗan kallo bai damu da abin da aka faɗa ba, labari mai daɗi yake so.

Sana'ar ta biyo shi Qatar ne ta cikin but ɗin mota. Wani injiniya Bature ya gama kwantiraginsa ya sayar wa garejinsu tsohuwar motarsa, ya manta da kwali guda cike da faya-fayan fim. Abdul-Samed ya ɗauko kwalin a ka, ya je kasuwar Asian Town ya sayo tsohuwar na'urar kunna faifai, ya ce daga yau an daina zaman gulma ranar Juma'a. Mun ɗauka za mu sha kallon yaƙi da tseren motoci. Ina! Duk ƙananan finafinan Ingila ne, irin waɗanda aka yi da ɗan abin hannu. Kullum ruwa ake yi, kullum gine-ginen toka-toka ne, kullum wasu ramammun samari ne a ɗakin da ba labule suna ɗora cokali a kan wuta suna neman jijiya da allura. Hodar hiroyin ce ta kama su, sai abota da ta rage musu, ita ma tana tangal-tangal. Ni da na taso ina zaton kowane Bature yana da lambu da kare, sai ga su su uku suna rabon taba kara ɗaya.

Dukkanmu muna jin Turanci daidai gwargwado, ni har da difloma. Amma Turancin finafinan nan daban yake, sai ka ce mutum yana magana da zazzafan dankali a baki. Abdul-Samed ya ce shi yana ji tsaf, don ya yi aiki a tashar jirgin ruwa ta Tema da matuƙan da suka fito daga can yankin. Yussif, wanda ya san shi tun suna yara, ya ɗago kai daga gadonsa ya ce, “Kwana biyu ya yi a Tema, gudawa ta koro shi.” Aka yi dariya, amma ba wanda ya ƙwace masa bokitin.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Da farko zai raɗa wa kowa suna, wannan Dogo, wancan Jan Kunne, waccan Hajiya Mai Sigari. Na biyu, a fim ɗinsa ba a mutuwa. Wata rana aka nuno samari shida sun saɓa akwatin gawa suna tafe cikin ruwan sama, ya ce ba komai, kabad ce suke kai wa kafinta. Malam Ɗalhatu, maigadi ɗan Gusau, wanda ya girme mu duka kuma ya yarda da duk abin da aka faɗa da babbar murya, ya ce, “To, Abdu, me ya sa suke kuka?”

“Ta kakarsu ce, Malam. Ba a yin irinta yanzu.”

Malam Ɗalhatu ya jinjina kai ya ce lallai kayan da sun fi ƙarko.

Ni na gano shi ne ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ni kaɗai a ɗaki. Ina latse-latsen rimot sai ga rubutu ya fito a ƙasan allo, duk abin da Turawan ke faɗa kalma bayan kalma. Wurin da Abdul-Samed ya ce mana yaron yana yaba girkin uwarsa, ashe zagi yake surfa wa mai gidan haya, irin wanda ba zan iya maimaitawa ba. Na yi dariya har zazzaɓin ya sake ni. Na kashe rubutun, na mayar da rimot inda yake ajiyewa, na ja bakina na yi shiru, don gaskiya nasa labarin ya fi nasu daɗi.

A tsakiyar zafin watan Yuli sai na lura fassarar ta canza. Turawan Abdul-Samed sun fara ciwon baya. Sun fara maganar iyayen da suka bari a gida da ranar da za a koma. Dariya ta ragu, kuma ina ganin yadda yake satar kallon gadon ƙasa na kusa da taga, inda Yussif ke kwanciya. Wata Alhamis bayan an tashi aiki na ja shi Asian Town, na saya mana karak, shayin madarar nan mai kauri, na ce masa na san maɓallin rubutu.

Ko gezau bai yi ba. Ya hura shayinsa ya ce, “Tun yaushe, Masa?” Haka yake kirana, wato maigida a Turancin Ghana.

“Wata biyar.”

“Kuma ba ka tona ni ba? Chale, abokina, kai mutumin kirki ne.” Sai ya ajiye kofin, wushiryar ta ɓace. “To tunda ka iya riƙe wannan, riƙe mini wani.”

Yussif mai walda ne, dogo, marar yawan magana, ya girmi Abdul-Samed da shekara uku. Shi ya koya masa keke, shi yake rama masa faɗa a unguwa, shi ya sa har yau ba ya kiran sunansa gatsal, sai Bra Yussif, yadda mutanen Ghana ke kiran na gaba da su. Shekara bakwai da suka wuce Yussif ya faɗa shan hodar nan a Kumasi, har ya kai ya sayar da injin waldarsa yana kwana a bayan tasha. Abdul-Samed ya ɗauko shi ya kai shi ƙuryar ɗakin Mma Adjara, ya kulle su su biyu a ciki kwana goma sha ɗaya. Ya kwashe amai, ya sha zagi, ya sha naushi, tsohuwa tana miƙo musu koko ta taga. Ranar da Yussif ya fito da ƙafarsa, abu ɗaya ya roƙa. Ya sa Abdul-Samed ya rantse da Allah ba zai ƙara tayar masa da maganar nan ba har abada. Daga baya Abdul-Samed ya yi ta faɗi-tashi har ya samo masa aiki a Qatar, don ya yi nisa da lungun da ake sayar da abin.

“Wata huɗu da suka wuce bututu ya faɗo masa a baya,” in ji shi. “Asibiti suka ba shi ƙwayar rage zafi ta sati biyu. Sati biyu ya ƙare, Masa, amma ƙwaya ba ta ƙare ba. Wani ne ke kawo masa a bayan rumbunan kaya. Na gani da idona, a leda, cikin safar hannunsa ta walda. Idanun nan na san su. In aka kama shi a nan, khalas, shi ke nan, gidan yari ne, daga nan jirgi, daga jirgi sai lungun nan. Masu sayar da hodar suna can suna jiran shi.”

Na ce to ya zaunar da shi mana ya gaya masa.

“Na rantse. Kuma yayana ne, ta ina zan fara?” Sai na ga shaƙiyancin ya dawo idonsa. “Amma Bature bai rantse ba.”

Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, don ina son Yussif. Mutum ne da zai gyara maka ƙafar gado ba tare da ka roƙe shi ba. Na kira Kezia, 'yar kawuna da ke aikin jinya a wani asibiti a cikin gari, na ba ta labari ban faɗi suna ba. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin komai a kan aikinsa ko takardun zamansa ba, amma wanda ya kawo kansa da ƙafarsa likita zai fara gani, kuma ita za ta tsaya masa. Sharaɗin dai shi ne ya zo da kansa. Na kai wa Abdul-Samed saƙon, ya ce yalla, mu je zuwa, saura aikin Bature.

Juma'ar farko na dawo daga coci, don a can ranar Juma'a muke zuwa, su sun dawo daga masallaci, aka ci shinkafa aka baje. Abdul-Samed ya zaɓi fim ɗin wasu aminai biyu a wani gari na bakin teku, Dogo da Jan Kunne. Jan Kunne ne mai shan hodar, Dogo kuma yana ta binsa, su biyu suna tura tsohon firji a kan amalanke gida-gida suna neman mai saya. Da aka zo wurin da suka tsaya hutawa a gindin gada, Abdul-Samed ya tsayar da fim ɗin, ya gyara zama, ya sauke murya.

“Dogo ya ce, akwai wani mutum da muke kwana ɗaki ɗaya da shi. Yana da abu a leda, ya ɓoye. Sai ya ga kowa ya fita, ya ɗauko ya jefa a baki. Yana zaton ba wanda ya sani. To an sani.”

Ni ina kallon Yussif ta wutsiyar ido, yana yankan farce abinsa. Sai kawai muka ji an ce, “Innalillahi.” Malam Ɗalhatu ne ya miƙe tsaye, hula a hannu, ya sha jinin jikinsa. Ya ce mu yafe masa, sharrin zuciya ne. Ya durƙusa ya jawo akwatinsa, ya fito da leda cike da dambun naman da maiɗakinsa ta aiko masa tun bayan Sallah, wanda yake ci a ɓoye duk ranar da muka riga shi fita. Ya ce ya rasa yadda aka yi Baturen nan ya sani. Kafin Abdul-Samed ya buɗe baki an yi wa ledar ca. Har Yussif ya miƙo hannu ya ɗebi nasa, ya ce Allah ya saka wa Hajiya da alheri.

Juma'a ta biyu Abdul-Samed ya ce zai matse zancen yadda ba wanda zai kauce. Aka ci gaba daga inda aka tsaya, don da yawan tsayarwarsa fim ɗin awa ɗaya da rabi sati uku yake ci. Wannan karon Dogo ya ce, “Akwai wanda ya sha wuya a kan abu, ya yi kuka, ya ce ya bari har abada. Muka taya shi murna. Yanzu ya koma a ɓoye, kuma abin nan zai kashe shi.” Sai Abdul-Ganiyu, direban tankar ruwa, ya fashe da cewa wallahi ba shi ya fara ba, ita ta fara turo masa saƙo. Ashe ya koma hira da Rukayatu, wata tsohuwar budurwarsa da ta yaudare shi har sau biyu, wadda ya tara mu ya rantse a gabanmu ya goge lambarta. Aka shafe sauran yammar ana karɓar wayarsa hannu-hannu ana ba shi shawara. Abdul-Samed yana kan bokiti ya dafe kai.

Daga nan ɗaki ya rikice. Kowa ya shiga tsoron Juma'a. Cajar da ta ɓace tun bara ta dawo da kanta kan taga. Ni kaina, da na san sirrin gaba ɗaya, sai da na je na gaya wa Malam Ɗalhatu cewa ni ne nake ɗan taɓa masa turare in zan je coci. Shi kuma ya fara cewa a daina kallon Turawan nan, akwai abin da suke gani.

Yussif kaɗai ne bai motsa ba, sai ramewa da yake yi. A satin nan ya yi gyangyaɗi a bakin aiki ya ƙone hannu, foman ya yi masa kashedi. Ranar Laraba kuma kamfani ya liƙa takarda a ƙofa cewa ranar Lahadi za a zo duba ɗakuna, akwati-akwati. Na ga Abdul-Samed tsaye yana karanta ta har sau uku, kamar in ya daɗe rubutun zai canza. A ranar ko abincin kirki bai ci ba, kuma ban taɓa ganin abin da ya hana shi cin abinci ba.

Juma'a ta uku saura minti goma fim ya ƙare. An sayar da firjin, abin da aka samu ya tafi inda ya saba tafiya. Aka nuno tashar bas da sassafe. Jan Kunne yana zaune a benci ya ƙanƙame jikinsa yana rawar ɗari, Dogo kuma ya rataya jaka ya nufi motar. Ni na riga na kalli wurin da rubutu, na san Dogo ya gaji ne, zai hau motar ya tafi, kuma ba zai waiwayo ba. Abdul-Samed ma ya sani, wannan ba ya buƙatar Turanci. Daidai lokacin da Dogo ya ɗora ƙafa ɗaya a matakalar bas, Jan Kunne ya ɗaga kai ya faɗi wata magana, sai Abdul-Samed ya tsayar da fim ɗin.

Muka jira. Ya buɗe baki, ya rufe. Mutumin da ya fassara Sinanci ba gargada, yau ga shi da rimot a hannu yana kallon siminti.

“Abdu, me ya ce?” in ji Malam Ɗalhatu.

“Ba ni nan.”

Yussif ne. Ya sauko daga gadonsa, hannu naɗe da bandeji, ya karɓi rimot ɗin ya tsaya a gefen talabijin. Bai kalli kowa ba, allon yake kallo.

“Wannan wurin ni na fi shi ji,” ya ce. “Na kan bencin nan ya ce, kai ɗan banzan yaro, tun satin farko na san da ni kake. Ka mayar da ni Bature mai jan kunne a gaban mutane, ka sa an cinye wa Malam dambunsa a banza.”

Abdul-Ganiyu ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

“Ya ce, ba dambu ba ne a tawa ledar. Ƙwaya ce, wata huɗu ke nan. Da farko don baya nake sha, yanzu bayan ya warke. Ya ce, kullum da safe ina cewa yau ce ta ƙarshe.” Ya tsaya ya ja numfashi. “Ya ce, rantsuwar da na sa ka yi, na yafe maka ita, ni na cuce ka da ita. Ya ce, kunyarka nake ji, kai da Mma, bayan kwana goma sha ɗayan nan. Ya ce, tsoro nake ji, ƙanina. Ya ce, in ka gaji ban ga laifinka ba, amma don Allah kar ka hau motar nan.”

A rubutun da na karanta, abin da Jan Kunne ya faɗa bai wuce kalma huɗu ba, tambaya yake ko akwai sauran taba. Ban taɓa jin fassarar da ta kai wannan gaskiya ba, kuma ban ji kunyar hawayen da suka zubo mini ba. Malam Ɗalhatu, wanda sai yanzu ya gane inda aka dosa, ya rufe baki da hula yana salati a hankali.

Yussif ya miƙa wa Abdul-Samed rimot ɗin. “Saura na tsayen. Fassara mana.”

Abdul-Samed ya share fuska da gefen riga. Ya gyara zama a kan bokitinsa, ya dubi Dogo da ke tsaye ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa, ya nemo muryar nan tasa ta aiki, duk da ta dushe.

“Shi kuma ya ce, haba Bra Yussif, wa ya ce maka tafiya zan yi? Direba nake tambaya ko motar tana bi ta asibiti. Masa Harrison yana da 'yar'uwa a can, gobe da safe tana jiran mu.”

Yussif ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya kifa fuska a gwiwa, ya gyaɗa kai. Ba wanda ya ce a ƙarasa fim ɗin.